Filin Anti Amsa: Hajiya na son gasa ƙafa a ruwan zafin Yellowstone

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya yara. Ni ƴar Zariya ce aure ya kawo ni Amurka, muna zaune a Denver shekara shida kenan. Hutun yara na watan Yuli maigida ya ce mu ɗau mota mu je gandun dajin Yellowstone, yaranmu uku, babbar shekara 11, sai mai 7, sai auta ɗan shekara 3 wanda wallahi ko minti ɗaya baya zama wuri ɗaya. Damuwata biyu ce. Na ga wani bidiyo a YouTube wai duk wurin kan dutse mai aman wuta yake kuma ko yaushe zai iya tashi, tun ranar hankalina bai kwanta ba. Sannan Hajiya mahaifiyar maigida tana wurinmu, tana fama da ciwon gwiwa ga ɗan asma, da ta ji ance akwai ruwan zafi mai fitowa daga ƙasa sai ta ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, za ta shiga ta gasa ƙafafunta kamar yadda ta taɓa yi a Wikki can Yankari. Kin san dai tsakanin mace da uwar miji, ni ba zan iya buɗe baki in ce mata a'a ba. Mu je ko mu fasa? — Maman Ilham, Denver

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ku je mana, amma abin da kike tsoro ba shi ne abin tsoron ba, wanda kike ganin ƙarami shi ne babban.

Maganar aman wuta gaskiya ce rabi. Eh akwai narkakken dutse can ƙarƙashin wurin, shi ne ma yake dafa ruwan da kowa ke zuwa kallo, kuma ya taɓa yin gagarumar fashewa sau uku, ta ƙarshe kusan shekara 640,000 da suka wuce, narkakken dutse kuma rabon da ya malalo waje a can an kai shekara 70,000. Akwai masana da aikinsu kenan dare da rana, na'urori ne jibge suna auna girgizar ƙasa da kumburinta, irin wannan abu baya zuwa kwatsam ba alama. Masu bidiyon nan kallo suke nema, ki rufe ki yi barcinki.

Toh yanzu Hajiya da auta, nan ne zan daɗe.

Ruwan Wikki ɗumi ne kawai, wajen digiri 31, ko jariri aka tsoma sai dai ya yi dariya. Na Yellowstone tafasa yake, ba wai salon magana ba, da yawa daga cikin tafkunan suna kai digiri 90 da ɗoriya, kuma saboda tudun wurin ruwa yana tafasa tun a wajen digiri 93, wasu kuma musamman a yankin da ake kira Norris ruwan nasu asid ne. Abin da ke yaudarar mutane shi ne kyansa, za ki ga ruwa garai-garai shuɗi shar kwance lumui kamar ki ɗiba da hannu ki yi alwala. Mutum sama da 20 ne suka rasu a tarihin gandun sanadin ƙunar ruwan nan. A 2016 wani saurayi ya bar hanyar da aka shata yana neman inda zai shiga wanka, ya zame ya faɗa, masu ceto suka kasa ciro shi a ranar saboda hadari, da suka dawo washegari babu abin ɗauka, ruwan ya narkar da gawar. Shiga ko taɓa ruwan ma laifi ne, kotu ake kai mutum.

Kuma ba ruwan kaɗai ba, ita kanta farar ƙasar da ke gefe, wadda za ki rantse busasshiyar fadama ce, ɓawo ne siriri kamar ƙanzo a gindin tukunya, ƙarƙashinsa tafasasshen ruwa. Shi ya sa aka shimfiɗa gadojin katako ake bi ta kai, kuma a wurare da yawa gadar ba ta da abin dafawa a gefe, katako ne kawai shimfiɗe, ga cunkoson watan Yuli kowa ya ɗaga waya yana ja da baya yana neman hoto. Ranar da na je babban tafkin nan mai launuka, Grand Prismatic, iska ce ta taso da tururi ya rufe mu ruf, tabarau na ya yi hazo ban ganin ko tafin hannuna, na tsaya cak ina jin takun mutane a katako, da tururin ya yaye sai ga hulunan mutane birjik a cikin ruwan gefe, iska ta kwashe ba mai ikon ɗaukowa. Yanzu ki ɗora auta a wannan hoton, hularsa ta tashi ya bi ta. Don haka ni dai shawarata ki manta da kunyar Turawa ki fito da zaninki da majanyi ki goya shi tamau, ko a ɗaure shi a kekensa, mai shekara 7 kuma hannunsa cikin na babansa, ba cikin na yayarsa ba. Ki ɗaure ɗankwalinki da kyau kema.

Ko kan gadar ma ido a buɗe. A watan Yulin 2024 a wani wuri da ake kira Biscuit Basin ruwa ya fashe daga ƙasa ya yi sama da duwatsu da baƙin taɓo ya farfasa gadar, mutane suka ranta a na kare, Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni. Irin wannan tururi ne ya matsu ya ɓalle, ba aman wuta ba ne. In kun ga an rufe wuri kar maigida ya ce bari ya leƙa.

Maganar faɗa wa Hajiya kuwa ba aikinki ba ne, ɗanta zai faɗa mata, kuma kar ya ce mata a'a hannu rabbana, ya zo mata da madadi. Ga shi: in za ku tashi daga Denver ku bi ta Casper ku nufi Cody ku shiga ta ƙofar gabas, a kan hanyar akwai wani ɗan gari Thermopolis, a nan jihar Wayomin take da gidan wanka na ruwan zafin ƙasa da aka daidaita shi a digiri 40, kuma kyauta ne, asalin hakan yarjejeniya ce ta 1896 da ƙabilun Shoshone da Arapaho da suka sayar da wurin. Minti 20 ake ba mutum. Maza da mata a haɗe suke shiga, don haka ku buga waya tukuna ku ji irin suturar da suke yarda da ita, ku je da sassafe kafin a cika. Dama tafiyar da yara da dattijuwa ba ta kwana ɗaya ba ce, sai ku kwana nan, kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. In tana da hawan jini a tambayi likitanta kafin ta shiga.

Asmar ma a kula. Wurin warin farar wuta yake kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ya fi tsanani wajen taɓon nan mai tafasa na Mud Volcano, ga tudu sama da mita 2,000 numfashi na yin sama-sama ko ga mai lafiya. Abin shaƙarta ya kasance a jakar hannu ba a but ba, in ta ce ƙirjinta ya yi nauyi a koma mota. Old Faithful, wani rami mai feso ruwan zafi sama, shi ne daidai ita, akwai bencina a jere, ana rubuta lokacin da ake sa ran zai tashi, kusan duk minti 90 yake feso ruwa sama mita 30 zuwa 50 da wani abu, ta zauna da fulas ɗin shayinta ta sha kallo tana tasbihi.

Gandun faɗi gare shi, kusan murabba'in kilomita 9,000, tun 1872 aka keɓe shi, maɓuɓɓugai da tafkunan zafi sun haura 10,000, ba mai gama su, ku zaɓi wuri biyu a rana ya isa. Ɓaunar can kuma kar ku ga tana tafiya sumui-sumui kamar saniyar Fulani, tana sukar mutane, doka ta ce a bar mita 23 tsakani, dabbar beya da kyarkeci mita 91. Ki cika kula da dambun nama da soyayyun kaji da cincin don naman halal wuya yake a can, amma kar a bar abinci a waje. Suwaita dole ko a Yuli, asuba sanyi kamar tsakiyar hunturu a Jos, magariba kuma sai wajen tara na dare. Sabis ɗin waya sai a hankali, ku sauke taswira tun daga gida, masauki kuma in ba ku kama ba yau ɗin nan ku kama.

Ita kuma Ilham ki ba ta wannan ta kai makaranta: ja da ruwan ɗorawar da ke kewaye da Grand Prismatic ba fenti ba ne, ƙananan halittu ne masu rayuwa cikin zafi, kuma daga irinsu da wani masani Thomas Brock ya gano a gandun a 1966 aka samo sinadarin da ake gwajin PCR da shi, wanda aka yi ta zura mana tsinke a hanci dominsa lokacin korona.

TAMBAYA: Anti mu da ba mu da halin zuwa Turai fa, akwai irin wannan kusa da mu? — Baban Sadik, Azare

AMSA: Malam ai kai a bakin kogi kake kana tambayar ruwa, Wikki na jiharku, kwashi iyali ku je, ruwan ɗumi dare da rana, a dai riƙe leda da kyau don gwaggon birin wurin ɓarayi ne na gani kashe ni. In tsofaffin duwatsun aman wuta kake so yara su gani, akwai su wajen Kerang da Panyam a Filato, akwai tafkin Tila a Biu wanda bakin tsohon dutse ne ruwa ya cika, sai dai a tambayi lafiyar hanya kafin a tashi. Mai rai kuwa sai Dutsen Kamaru da ke kan garin Buea, ya yi aman wuta a 1999 da 2000, amma hawansa ba na ƙananan yara ba ne.