Wai nazarin tatsuniya ma digiri ne?

Malam kana tambaya wai ko ɓata lokaci ne mutum ya yi digiri a kan tatsuniya da littattafan soyayya, wallahi ba haka ba ne, fanni ne mai zaman kansa. Tun 1928 wani ɗan Rasha Vladimir Propp ya zauna ya tsefe tatsuniyoyin ƙasarsu guda ɗari, sai ya ga ashe duk matakai 31 ne suke ta maimaituwa, sunayen jarumai kawai ake canjawa, ni abin nan har yau yana burge ni. A Ingila kuwa jami'ar Birmingham ta buɗe cibiyar nazarin al'adun zamani a 1964, wani masani Stuart Hall ya jagoranci cibiyar daga baya, su har talabijin da mujallun 'yan mata suka nazarta.