Shin Further Maths dole ne ga mai son karatun injiniya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata ta gama JSS3, za ta shiga SS1 ajin kimiyya, kuma burinta ta karanci injiniya. Makarantarsu ta ce ba kowa za a bari ya ɗauki Further Maths ba, sai an tace. Mene ne sharaɗin shiga? In ba ta samu ba, ta rasa injiniyan ke nan? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ba ta rasa komai ba tukuna.

Lissafi iri biyu ne a babbar sakandare. Akwai na kowa da kowa, wanda dole ne ɗalibi ya rubuta a WAEC ko NECO, sai kuma Further Maths, mai zurfin, wanda zaɓi ne. Mai neman injiniya darussa huɗu yake rubutawa a JAMB: Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Further Maths ba ya ma cikin darussan da JAMB ke yin jarrabawa a kansu. Ta ɓangaren sakamakon sakandare kuwa, abin da jami'o'i suka saba nema shi ne kiredit biyar, wato daga A1 zuwa C6, ciki har da waɗancan huɗun. Duk da haka, idan lokaci ya yi ku duba ƙasidar JAMB ta shekarar, domin kowace jami'a tana da 'yan ƙa'idojinta.

Batun tacewa kuwa, hurumin makaranta ne. Wasu suna duba makin lissafi na BECE, wato jarrabawar kammala JSS3, wasu su shirya gwajin kansu, wasu kuma su zuba wa yaro ido a zangon farko na SS1. Ban ga laifinsu ba. Na sha ganin yaran da iyaye suka tura ajin don a ce ɗansu gwani ne, kafin a kai SS2 sun tsani lissafin gaba ɗaya, har na dolen ya lalace musu.

Ni dai a wurina sharaɗin gaskiya shi ne aljabra, kuma za ki iya gwada ta a gida yau da daddare. Ki ce ta haɗa 1/2 da 1/3. In ta ce 5/6, madalla. In ta ce 2/5, akwai sauran aiki. Ki ba ta −3 − (−5), amsar 2 ce. Sannan ki rubuta mata 3x − 7 = 11, ki zauna ki kalli hannunta, ba amsar kaɗai ba. Yarinyar da ta san dalilin da ya sa ake ƙara 7 a ɓangarorin biyu kafin a raba da 3 har a samu 6, ta shirya. Wadda ta haddace cewa "idan lamba ta tsallake, alamarta tana canzawa" ba tare da ta san me ya sa ba, za ta sha wuya, ko da A ta ci a BECE. Yawancin waɗanda na ga sun faɗi wannan darasi ba sabon abu ne ya kayar da su ba, alamar ɗebewa ce da lissafin ɓangare irin su 1/2 da 1/3 na ƙaramar sakandare.

Me za ta tarar a ciki? Manhajar WAEC ta kasa shi uku: tsantsar lissafi, sai ƙididdiga da yiwuwar aukuwa, sai bekta (adadi mai girma da alƙibla, kamar gudun mota zuwa gabas) da lissafin motsi. Takarda ta farko tambayoyi 40 ne na zaɓi, ta biyu kuma rubutu ne da nuna aiki. Zuciyar darasin ita ce kalkulas. Ki ɗauka an saki dutse cikin rijiya mai zurfi. Nisan da ya faɗa a mita kusan 5t² ne, inda t ke nufin daƙiƙoƙi, don haka bayan daƙiƙa 2 ya yi mita 20. To amma da wane gudu yake tafiya a daidai wannan lokacin? Kalkulas ce ke mayar da 5t² zuwa 10t, ta ce miki mita 20 a daƙiƙa. Injiniya kusan kullum a cikin irin wannan tambaya yake.

A nan ne ribar take. Lissafin JAMB kansa yana ɗauke da kalkulas da matiris (lambobin da aka jera layi-layi kamar jadawali), kuma kwasa-kwasan lissafi na aji ɗaya a jami'a, ko a ABU ko a BUK, da yawansu maimaici ne ga wanda ya yi Further Maths. Ɗan'uwansa da bai yi ba yana ganin mafi zurfin abin ne karon farko, a babban ɗakin lacca, malami yana gudu. Saboda haka in ta cancanta, shawarata ta ɗauka.

Amma kafin ki matsa, ki je makarantar ki tambayi abu biyu: wa ke koyar da darasin, kuma sau nawa yake shiga aji a mako? Akwai makarantun da sunan darasin ne kawai a jadawali, malamin fiziks ne ake roƙo ya leƙa idan ya samu sarari. In haka ne, gara ta riƙe lissafin dole da kyau ta nemi A1 ko B2, a hutun SS2 ki samo mata wanda zai ɗora ta a kan kalkulas. In kuma malami na nan amma tacewar ce ta hana ta, ki roƙi shugaban makarantar ya sake gwada ta a ƙarshen zangon farko, bayan ta yi wata uku tana gyara aljabrarta.