Amsa ga mai son ɗora bene: izinin gini, duba aiki da lasisin ɗan kwangila

Wa alaikumus salam, Malam. In na fahimci tambayarka, gidanka na ƙasa ne a cikin birni, kana son ɗora masa bene, kuma 'yan kwangila biyu sun kawo maka farashi. Na farko yana da lasisi, kuɗinsa ya fi yawa, ya ce ba zai aza bulo ko ɗaya ba sai an samo izini daga hukumar tsara birni. Na biyu ya yi maka sauƙi, ba shi da lasisi, ya ce neman izini ɓata lokaci ne, a yi aiki kawai, in hukuma ta zo daga baya a biya tara a karɓi takarda. Kai kuma kana so ka san ko takardar nan ta kai a sha mata wannan wahala.

Na daɗe ina aikin foman a wuraren gini, to bari in faɗa maka yadda nake kallon abin. Takarda ba ta riƙe bango. Abin da kuɗin izini yake saya maka shi ne idon mutumin da ba a hannun ɗan kwangilarka yake ci ba, ya zo ya ga aiki kafin a rufe shi. Duk abin da ke rushe gida a ɓoye yake: ko yana ƙarƙashin ƙasa, ko yana cikin kankare, ko yana bayan filasta. Ranar da za a miƙa maka makulli fenti za ka gani da tayil, kuma ɗan ha'inci ya fi kowa iya fenti.

Idan ka kai zanenka hukuma, tambaya biyu suke yi masa. Ta farko, shin birni ya yarda a yi irin wannan gini a wannan fili? Nan ake duba tsawon gini, da tazarar da za ka bari tsakaninka da titi da maƙwabta, da magudanar ruwa, da wayoyin lantarki masu wucewa ta sama, da ko unguwar ta zama ce ko ta kasuwanci. Ta biyu, shin ginin zai tsaya? A Ingila ma izini biyu ne daban, ɗaya na tsarin gari, ɗaya na ƙa'idojin gini, kuma samun ɗaya ba ya ɗauke maka ɗayan. A wasu biranen ofishi ɗaya ke yin duka. Dokar kowane birni da tata, saboda haka ka je da ƙafarka ka tambayi takardun da ake buƙata, kada ka ɗauki maganar a bakin ɗan kwangila.

Kai tambaya ta biyu ce ta fi damunka. Yi wannan lissafi. Kankare mai rodi, duk mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi, nauyinsa kusan kilo 2,400 ne. Dekin, wato shimfiɗar kankaren da za ta zama daɓen bene, mai kaurin santimita 15 ke nan zai ba ka kimanin kilo 360 a kan kowace murabba'in mita. In saman gidanka murabba'in mita 100 ne, tan 36 ka ɗora, tun ba a yi maganar bulon sama da filasta da rufi da tankin ruwa da mutanen da za su zauna ba. Shin wanda ya haƙa harsashin gidan nan ya yi shi ne da niyyar wata rana zai ɗauki wannan kaya? Akwai ginshiƙai a cikin bangon, ko bulo ne zalla? Ba wanda zai sani da kallon ido. Injiniya sai ya sa an tona rami a gefen bango ya ga zurfin harsashi da faɗinsa da irin ƙasar da yake zaune a kai, wani lokaci ya fasa filasta a kusurwa ya nemi ginshiƙi. Ɗan kwangilar da ya zaga gidan, ya bubbuga bango da hannu ya ce "zai ɗauka", fata kawai yake yi maka.

Irin wannan ya faru a manya-manyan gine-gine ma. Katafaren kantin Sampoong da ke birnin Seoul na Koriya ta Kudu hawa huɗu aka tsara shi, sai mai ginin ya sauya tsari ya ƙara na biyar, aka kuma ɗora manyan injinan sanyaya iska a kan rufi. Kamfanin ginin farko da ya ƙi yarda da sauye-sauyen sallamarsa aka yi. Ranar 29 ga Yuni, 1995 ginin ya rufta, mutum 502 suka mutu. An ɗaure mai ginin, an kuma ɗaure jami'an gwamnati da suka karɓi hanci suka sa hannu. Ka lura, wanda ya ce a'a shi aka kora, ya kuma zama shi ne mai gaskiya.

Yanzu maganar zuwan jami'in duba gini. Mutane suna ɗauka sau ɗaya yake zuwa in an gama. Ba haka ba ne, zuwa ne mataki-mataki, kuma ana ɗora kowane mataki a daidai lokacin da wani abu ke shirin ɓacewa daga ido: in an haƙa ramin harsashi kafin a zuba kankare, in an ɗaure rodin ginshiƙai da na dekin kafin zubi, in an ja wayoyin wuta an shimfiɗa bututun ruwa kafin filasta, sannan na ƙarshe kafin a tare. A cikinsu duka wanda ba na wasa da shi shi ne na jajibirin zuba dekin. Ranar nan ka bar duk abin da kake yi ka zo, ka hau sama tare da injiniya da zanen a hannunsa.

Ga abin da ake dubawa. Kaurin rodi, shin shi ne wanda aka rubuta a zane? In an rubuta milimita 16 aka sa 12, a ido bambancin ɗan kaɗan ne, amma ƙarfen da ke cikin na 12 ya ɗara rabin na 16 da kaɗan kawai. Sai tazarar da ke tsakanin rodi da rodi, wanda mai son rage kaya yake buɗawa da 'yan santimitoci ya ci ribar sanduna da yawa. Sai zobban da ke ɗaure rodin ginshiƙi da na bim, wato ginshiƙin kwance da ke tallafe dekin, da inda aka haɗa rodi biyu, shin sun hau juna da tsawon da ya isa. Sai a duba ko an ɗaga rodin daga kan katakon da ake zuba kankare a kai da 'yan gutsattsarin kankare, domin dole kankare ya lulluɓe ƙarfe ta ko'ina, a dekin kamar santimita 2 zuwa 2 da rabi, a harsashi fiye da haka sosai. In ƙarfe ya kwanta a kan katako, iska da danshi za su same shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya tsaga kankaren daga ciki bayan 'yan shekaru.

Baranda mai fitowa waje ba tare da ginshiƙi a ƙarƙashinta ba, ita ce ta fi ba ni tsoro. Ƙarfenta na ainihi a sama yake zama, kusa da inda ake takawa, saboda nan ne nauyi ke ja. Na taɓa zuwa wani aiki da safe, injiniya ya riga ya duba jiya da yamma komai daidai, amma leburori masu hawa da kwanon kankare sun tattake rodin barandar har ya kwanta ƙasa. Da an zuba a haka, ranar da aka cire tokara ko ranar da yara suka taru a kai, sai dai labari. Muka tsayar da zubi, aka ɗaga rodin aka tallafe shi, aka shimfiɗa katakon da za a riƙa takawa. Ɗan kwangilar ya yi ta ƙorafin an ɓata masa rabin yini.

Kankaren kansa ma akwai magana. Masu zubi suna son ƙara ruwa don ya yi laushi ya yi saurin bin katako, amma yawan ruwa rage masa ƙarfi yake yi. Shi ya sa ake ɗibar samfuri a zuba a 'yan akwatuna masu faɗin santimita 15, a kai ɗakin gwaji a murƙushe. A kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, a kwana 7 yakan kai wajen kashi biyu cikin uku. Ka nemi a ba ka sakamakon a rubuce. Sannan ranar cire katako da tokara injiniya ne zai faɗa, ba kafintan da ke sauri ya kai katakonsa wani aiki ba.

Ba zan ɓoye maka ba, jami'in hukuma ba mala'ika ba ne. Akwai na kirki, akwai wanda ba ya sauka daga mota. Ko na kirkin ma wurare da yawa ke jiransa, ɗan lokaci zai yi, kuma mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi yake dubawa, ba ruwansa da ko tayil ɗinka ya miƙe. Don haka ka ɗauki injiniyanka, wanda kai kake biya kai tsaye, ba ta hannun ɗan kwangila ba. Idan kuma wani ya ce maka zai iya samo sa hannun jami'i ba tare da ya zo ba, to ka sani kai aka cuta, ba hukuma ba.

Wannan ya kawo ni kan "a yi yanzu, a gyara takarda daga baya". Wa zai duba rodin da ya riga ya shiga kankare? In hukumar mai tsanani ce, za ta sa a fasa a gani, ko ta ce a rushe benen gaba ɗaya, kuma da kuɗinka. In mai sassauci ce, ta karɓi tara ta ba ka takardar da ba ta ga komai ba. Ƙasar Turkiyya ta yi afuwa irin wannan a 2018, masu gine-ginen da ba su da izini suka biya kuɗi aka yi musu rajista ba tare da an gwada ƙarfin ginin ba. Da girgizar ƙasa ta zo ranar 6 ga Fabrairu, 2023, ta kashe mutum sama da 50,000 a ƙasar, kuma wannan afuwa na cikin abubuwan da aka fi yi wa gwamnati ca a kai.

Shi kuwa lasisi, ba shaidar mutum ya iya aiki fiye da kowa ba ne. Na san magina marasa ko takarda ɗaya waɗanda hannunsu ya fi na wasu masu kamfani. Amfaninsa shi ne mai shi yana da abin da zai rasa, kuma akwai ƙofar da za ka buga in ya cuce ka. A otal ɗin Hyatt Regency da ke Kansas City a Amurka, an sauya yadda aka rataye gadojin tafiya na cikin ginin, sauyin ya ninka nauyin da ke kan mahaɗa guda, ba a sake lissafi ba. A watan Yulin 1981 suka rufto, mutum 114 suka rasu, injiniyoyin da suka sa hannu aka ƙwace musu lasisi. Shi ya sa mai lasisi yake taurin kai. Ka kuma riƙe wannan: duk wani sauyi da za a yi a wurin aiki, ko matsar da ginshiƙi ne ko faɗaɗa ƙofa, a koma wa injiniya, ya amince a rubuce.

Shi ma ɗan kwangila na farko mai lasisin, kada ka yarda da hoton takarda a waya. Karɓi lambar lasisin ka tabbatar a hukumar da ta bayar. Duba sunan da ke jiki, shin shi ne sunan da zai shiga yarjejeniyarku kuma shi za ka tura wa kuɗi? Aron lasisi ya yi yawa a wannan sana'a. Duba ko wa'adinsa bai ƙare ba, ko ajinsa ya kai ginin bene, da ko yana da inshorar ma'aikata. In lebura ya faɗo daga sama kuma ɗan kwangila ba shi da komai, ƙofar mai gida ake bugawa. A biranen da ɗan kwangila ke karɓo izini da sunansa, in wani ya ce maka "karɓo da sunanka, ka ce kai kake gina abinka", ka gane ya sauke alhakin ne a wuyanka. Ka kuma je ka ga aikinsa da ya shekara biyar ko fiye, ka yi magana da mazauna ciki ba a gabansa ba.

Kuɗi ka ɗaura su a kan matakan dubawa. Kafin alƙalami ya zama kaɗan. A jihar Kalifoniya doka ta hana ɗan kwangilar gyaran gida karɓar fiye da kashi 10 cikin 100 ko dala 1,000 kafin fara aiki, duk wanda ya fi ƙanƙanta a ciki, kuma ko ba dokar garinku ba ce hikimar a fili take. Sauran a biya bayan an duba harsashi an sa hannu, bayan an duba rodin dekin, bayan wuta da famfo. Ka riƙe kashi 5 zuwa 10 har sai ka karɓi takardar kammala gini daga hukuma, kuma damina ɗaya ta wuce a kan rufin. Takardar nan ka adana ta tare da zanen da aka buga wa hatimi da sakamakon gwajin kankare, domin ranar sayarwa ko neman bashin banki ko biyan inshora ko rabon gado za a tambaye ta.

Kada ka zaɓi kowa a cikinsu tukuna. Fara kawo injiniya mai rajista ya tona gefen harsashi. Mai yiwuwa ya ce sai an ƙara ginshiƙai daga ƙasa, mai yiwuwa ya ce gidan ba zai ɗauka ba sam, ka ga duka farashin biyu sun tashi aiki. In ya ce za a iya, ka ba su zane ɗaya da jerin kaya ɗaya, kowa ya sake yin kuɗi a kai. Sannan ka gaya wa mai arahar cewa ba za a zuba kankare ba sai jami'i da injiniyanka sun ga rodi, ka tambaye shi ko farashinsa na nan yadda yake.