Bugambil ɗinka ba ciwo gare ta ba, ƙoshi ne

Na ga saƙonka tun da hantsi a kan bugambil, fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga, ina bakin gulbin Maradi wajen ɗibar ƙasa shi ya sa ban amsa ba. Ka ce: "Maigida, bugambil ɗin da na dasa ma Hajiya wata biyar ke nan sai ganye take yi, ko fure ɗaya babu, alhali safe da marece ina ba ta ruwa, har takin zamani na sa mata sau biyu. Wane magani zan saya?"

Magani! Ku yaran yanzu komi sai magani, kamar itace ɗan asibiti ne. Shekara ukku kana tare da ni a jardan, garkarmu ta renon fulawa, kana ganin bugambil ɗin da ke bakin ƙofa wadda ko kallonta ba ni yi daga Nuwamba har Maris, ita ce kuma mutane ke tsayawa da moto suna ɗaukar hoto, amma ba ka taɓa tambayar kanka me ya sa ba, don idonka na kan salula. Ba abin da ke damun shukar Hajiya, ka ƙosar da ita ne. Wanda ya ƙoshi barci yake yi.

Da ban yi niyyar doguwar magana ba, amma tambayar ga taka ta tono mini wani miki, bari ka ji, wataƙila ya fi zama maka cikin kai bisa ga in ce yi kaza bar kaza.

Shekara 11 ke nan yanzu, kai lokacin kana lakwal. Wani Alhaji ɗan kasuwa, ba zan kama suna ba, ya gama wani ƙaton gida wajen unguwar Ali Dan Sofo, katanga doguwa fara tas. Ya zo jardan da kanshi cikin mota ya ce shina so ranar auren ɗiyarshi, cikin Disamba, katangar ga ta zama ja wur da fulawa, irin yadda ya gani a Lome. Na ce Alhaji wannan aikina ne. Ina da tushe 60 cikin leda, shekara biyu ina renonsu, duk daga uwa guda na yanko su, wata ja mai duhu da na samo reshenta tun ina yaro a aikin ga. Akwai ma wani da ya riga ya taya rabinsu na hana shi saboda Alhaji. Munka shirya dala 300 kowane tushe, jikka 90 ke nan, aiki da taki da kai kaya jikka 35, gaba ɗaya jikka 125. Ya ba ni jikka 30 ya ce sauran in an gama. Ban ce a rubuta ba. Wa zai ce ma mai gida irin wannan ya rubuta takarda a kan jikka 95? To ni ne wawan, na yarda.

Farkon damina na dasa su, cikin Yuni, da hannuna, ko yaro ban bari ya taɓa leda ba. Sunka kama lahiya lau, ko guda bai mutu ba. Da ruwa ya ɗauke cikin Oktoba na koma na kira gardin gidan na ce mishi, daga yau ka rage, sau guda a sati ya isa, kuma sai ka ga ganyen ya fara sunkuyar da kai da rana. Ya ce to. Na maimaita, ya ce to mana malam ai na ji.

Ashe gidan akwai rijiyar burtsatse da tanki a sama, ruwa kyauta, kuma Alhaji in ya fito da safe bai ga ƙasa jiƙe ba sai ya hau gardi da faɗa, wai ya bar mishi fulawa da ƙishi. To gardi me ya sani, sai ya aje tiyo gindinsu ya tahi shan shayi. Wannan bai isa ba, akwai ragowar buhun takin ure da anka dawo da shi daga gonar Alhaji, wani mai iyawa ya ce a zuba. Ure fa, wanda kashi 46 cikin ɗari nashi abincin ganye ne zalla, abin da ake ba masara da dawa. Sunka riƙa watsa shi kamar ana ba kaji tsaba.

Sati biyu kahin biki anka aiko in zo maza. Na iske katanga kore shar, ganye manya-manya kamar tafin hannu, rassa sun yi tsalle sun wuce kan katanga, wallahi in ka ce garkar zogale ce ta Jiratawa ba wanda zai musa. Fure ko na rantsuwa babu. Na tura yatsa gindin guda, ya nutse cikin caɓi har gaɓa ta biyu, ga ƙwayoyin ure farare ba su ma gama narkewa ba. Nan na gane komi.

Alhaji na zaune bisa kujera bakin ƙofa da mutanenshi, su wajen takwas. Ko gaisuwata bai amsa da kyau ba. Ya ce wai maza na sayar mishi, wai an gaya mishi fulawar ga akwai mace akwai namiji kamar dabino, ni kuma na zaɓo maza na kawo don na ga bai san kan abin ba. Na ce Alhaji bugambil ba ta da namiji, duka daga uwa guda suke kuma uwar tana jardan yanzu haka ja wur, a tashi yaro ya je ya gani. Na ce ruwa ne da taki, a rufe pampo yau, amma gaskiya sati biyu ba zai isa ba. Ya ce au, kai da bakinka ka ce ba zai isa ba. Mutanenshi sunka yi dariya. Wani cikinsu har da cewa masu fulawa da masu gyaran agogo duk ɗaya ne. Na tashi na kaɗe wandona na hau moto, ina jin kunnuwana na zafi har na kai gida. Tunkiya biyu na sayar a watan nan na biya mai amalanke da yaran da sunka haƙa ramu.

Saurara ka ji ƙarshen, don nan ne amsarka take. Bayan biki Alhaji ya yi tahiya waje sarin kaya, injin rijiyar ya ƙone, gardi sunka ɓata da uwargida ya bar aiki. Sama da wata guda ba wanda ya ba shukar nan ko kofi guda. Ƙarshen Fabrairu na biyo ta layin ba da niyya ba, sai da na taka burki. Katanga ta kama wuta. Ja tun daga ƙofa har kwana, ba ka ganin ganye, iska na kaɗa su suna zubowa bisa rairayi kamar an yayyaga takarda. Ban san sanda na ce Allahu akbar ba.

Da ya dawo na je, na ce to Alhaji ga maza sun haihu. Ka san abin da mutumin ga ya ce mini? Wai waɗannan ba nawa ba ne, nawa an tumɓuke su, waɗanga daga Lome ya sa anka kawo. Ni da na ɗaure kowane tushe jikin ƙusa da baƙar robar tayar moto, ɗauri biyu da kulli a gefe yadda nike yi har gobe, ga robar nan tana kallona. Na nuna mishi. Ya ce roba ai ko'ina akwai ta. Har yau jikka 95 ɗina na wurinshi, ya je Makka ya dawo ya sake komawa, ni kuma in aiki ya kai ni unguwar sai in zagaya ta wani layi don kar in ga katangar, don har yanzu duk rani tana yin ja, kuma iri na ne.

To ka ji. Yanzu koma kan ta Hajiya.

Ka ɗauke ruwa. Ba cewa na yi ka kashe ta ba, shuka mai wata biyar ba ta kai tsohuwa jimiri ba, kuma ƙasarmu ta tudu rairayi ce ba ta riƙe laima. Ka bari sai ƙasa ta bushe kamar tsawon yatsa, ganye ya ɗan yi laushi da rana, sannan ka ba ta ruwa sosai sau guda ya ratsa ƙasa, ka tahi abinka. Da sanyi wajen sau guda a sati. Cikin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce 40 ka ƙara, ba sai na gaya maka ba. In cikin tukunya take ta fi saurin bushewa, kuma ka duba ramin gindin tukunyar bai toshe ba, don saiwarta in ta kwana cikin ruwa ruɓewa take yi. Duk ruwan da Maradi ke samu a shekara bai wuce wajen milimita 500 ba, amma tsohuwar bugambil da ta kafu da shi kaɗai take rayuwa a gidajen da ba mai kula.

Takin da ka sa, na san ure ne ko ba ka faɗa ba, don shi ne mai arha. Kar ka ƙara. In dole sai ka sa na zamani, ɗan 15-15-15, takin nan mai haɗi ukku, cikin murhin kwalba, nesa da gindi, sau guda bayan ta gama fure. Ni kashin awaki da ya shekara ya ruɓe ya fi mini. Ɗanye kuwa gara kake gayyata, kuma garar garin ga ba ta da kunya.

Sannan ina ka dasa ta? Ba ka faɗa ba, kuma ina zargin gindin bedin nan na tsakar gidan Hajiya ka kai ta don kar rana ta dake ka kai wajen ban ruwa. In haka ne ko shekara goma za ta yi ba za ka ga komi ba. Rana take so, awa 6 ko fiye, mai dukan ƙeya. Asalinta daga Barazil ne, can wani Bafaranshe masanin itatuwa Komarson ya gan ta a Riyo a 1767, ya sa mata sunan shugaban jirgin ruwansu Bugambil, sunan da muke ta karyawa har yau. Ba 'yar inuwa ba ce tun can gidansu. Kuma abin nan ja da kuke ce ma fure ba shi ne furen ba, ganye ne da ya canza launi, furen na gaskiya shi ne ɗan farin nan ƙarami a tsakiya, guda ukku-ukku. Je ka duba gobe, na san ba ka taɓa lura ba.

In ya zama dole sai ka tashe ta daga inuwa, to nan ne ake kashe ta. Jikinta duk ƙaya kamar 'yar dambe amma saiwarta siririya ce kamar gashi, in ƙasar gindin ta watse shi ke nan. Shi ya sa nike hana ku fizge leda, reza ake sawa a tsaga ta gefe a zare a hankali. Ka bari sai damina ta kusa, ko kuma ka dasa wata sabuwa wurin rana ka bar waccan ta yi ma Hajiya ganye.

Yadda ake haƙa rami da haɗa ƙasa da yanka reshe a kafa cikin leda, wannan in har yanzu ba ka iya ba to ka koma sayar da ruwan sanyi. Abu guda kawai, ƙasar fadama ta bakin gulbi baƙa ce mai ƙarfi, kar ka sa ta zalla, ka sirka da rairayi. Tsofaffi na cewa gulbin ga shi ya ci tsohon gari a 1945 har anka hau tudu, to lakar da ya bari tana da kyau ga tumatir, ga bugambil kuwa sai an sassauta ta.

Aski kuma bayan ta zubar da fure ake yi, don a sabon tsiro take fure. Dogayen rassan nan masu ƙiba da ke harbawa sama ba komi a jikinsu sai ƙaya, ka rage su. Kar ka aske ta kwal kamar kan almajiri ana saura wata guda buki sannan ka zo kana mini kuka. Ka sa safar hannu, ƙayarta in ta shiga yatsa sai ya kwana shina zogi.

Kuma ka je wajen Hajiya da kanka, ba yaron gida ba, ba gardi ba, ita. Ka gaya mata a gaban wani cewa za ta ga ƙasa bushe, za ta ga ganye ya yi laushi har wasu su zuba, kar kowa ya taɓa tiyo, ta ba ka sati shida zuwa takwas. Kuɗɗinka nawa ya rage wurinta? Ko nawa ne ka karɓi rabi yanzu, sauran a rubuta ko a saƙon salula ne, tunda kun iya wannan. Hajiya mutuniyar kirki ce na sani, Alhajin nan ma da fara'a ya zo.

Gobe in za ka zo jardan ka taho mini da almakashina na yankan reshe da ka ɗauka tun ranar Laraba, kuma ka biya ka ɗauko hoton inda ka dasa ta da tsakar rana, ina so in ga inuwar da idona.