Ƙafar da ba ta jin zafi: amsoshin likita kan motsa jiki ga masu ciwon suga

Tambayoyin wannan mako sun taru a kan matsala ɗaya, wato lalacewar jijiyoyi da ciwon suga ke jawowa, da ko mai ita zai iya motsa jiki ba tare da ya cutar da kansa ba.

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, shekaruna 63, kuma na daɗe da ciwon suga. Yanzu ƙafafuna suna raɗaɗi da minjirya da dare, da rana kuma yatsun kamar ba nawa ba. 'Ya'yana sun hana ni tattakin da na saba, har masallaci sun ce sai a mota. Gaskiyarsu ce? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara sauƙi. 'Ya'yanka ƙauna ce ta sa su, amma zaman da suke so ka yi zai fi tattakin cutar da kai, muddin babu ciwo a buɗe a ƙafarka.

Abin da kake ji ya zama ruwan dare, domin kusan rabin masu ciwon suga sukan gamu da shi in ciwon ya daɗe. Sugan da ya yi yawa a jini shekara da shekaru yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon taɓi da zafi zuwa ƙwaƙwalwa, yana kuma toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Jijiyoyi mafi tsawo su suke fara jin jiki, shi ya sa abin yake somawa daga yatsun ƙafa ya yi ta hawa. A da mu ma likitoci mukan ce wa irinku su rage tafiya don tsoron gyambo. Bincike ya sauya wannan fahimta, kuma tun 2010 ƙungiyar da ke kula da ciwon suga ta Amurka ta bayyana cewa mai wannan matsala zai iya tafiya matsakaiciya idan ba shi da ciwo a ƙafa. Tsokar da ke aiki tana zuƙe suga daga jini, jini yana gudu zuwa ƙafa, mutane da dama kuma sukan ce raɗaɗin dare ya ragu. Ba zan yi maka alkawarin jijiyar da ta riga ta mutu za ta farfaɗo ba. Waɗanda suka rage muke so mu tsare.

Abin da ake so shi ne minti 150 a mako, a rarraba, kada a yi fiye da kwana 2 a jere ba a motsa ba. Kai da ka ɗan daina, fara da minti 10 bayan cin abinci, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan mako bayan mako. Ka yi saurin da za ka iya hira da abokin tafiya amma numfashinka ya ɗan ɗaga.

Sharaɗin yana ga ƙafar, kuma nan nake so ka ba ni hankalinka. Zafi shi ne maigadin ƙafa. Naka ya yi barci, don haka ido ne zai karɓi gadin. Mun sha karɓar mutum a asibiti wanda ƙusa ta huda silifa ta shige masa tafin ƙafa, ya wuni yana yawo a kanta, sai da dare ya ga jini a tabarma. Ka ajiye silifa mai igiya tsakanin yatsu, ka samu kambas ko sau-ciki mai taushi da faɗin baki, wanda ya bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsunka. Da yamma ake sayensa, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Kafin ka sa, ka kaɗe shi, ka zura hannu ciki ka lalubo tsakuwa ko ɗinkin da ya taso. Ka sa safa, fara ta fi, don ko ɗigon jini ne za ka gani. In ka dawo ka zauna wurin haske ka duba tafin ƙafa da dunduniya da tsakanin yatsu, da madubi ko da idon wani a gida. Ja, bororo, tsagewa, duk wanda ka gani ka dakata da tafiya har likita ya duba.

Masallaci kuwa ka ci gaba da zuwa da ƙafarka. Hatsarin yana harabar: simintin da rana ta gasa lokacin Azahar ko Juma'a a bazara yana ƙona tafin ƙafa ba ka sani ba. Kada ka cire takalmi sai a bakin shimfiɗa, kuma ka bar safarka a ƙafa. Haka da hunturu, kada ka kara ƙafa kusa da garwashi, ruwan alwala mai ɗumi kuma ka gwada shi da gwiwar hannu tukuna.

Tambaya: Likita, ina da wani ɗan ciwo a ƙarƙashin babban yatsan ƙafa, ya kai mako 3 bai warke ba, amma ba ya min zafi ko kaɗan. An ce in rage ƙiba, shi ne nake so in fara tafiya kowace safiya. Daga wata baiwar Allah a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki fara. Rashin zafin nan shi ne abin da ya fi tayar min da hankali. Ciwon da ake takawa kullum ba ya haɗewa, zurfi yake yi har ya kai ga ƙashi, kuma ta irin wannan hanya yawancin ƙafafun da ake yankewa masu ciwon suga suka bi. Ki je asibiti a cikin kwanakin nan a wanke shi, a duba ko jini yana isa ƙafar, a nuna miki yadda za ki ɗauke nauyi daga kansa. In ya fara wari, ko yana ruwa, ko wurin ya yi baƙi, ko zazzaɓi ya zo, yau ɗin nan za ki tafi. Kada ki sa reza, kada ki bari wanzami ya kankare shi, kada a barbaɗa masa toka ko garin magani.

Kafin ya warke, jikinki ba zai zauna haka nan ba. Ki zauna a kujera ki riƙe gorar ruwa a kowane hannu, ki ɗaga sama ki sauke sau 10, ki huta, ki sake. Ki miƙe gwiwa ki lanƙwasa kina zaune. Rage ƙiba kuma a yanzu daga kwano zai fi zuwa.

Wani gargaɗi ga kowa: ƙafar da ta kumbura, ta yi ja, ta fi 'yar'uwarta ɗumi, ko da babu rauni, a daina taka ta nan take a ga likita. Wani lokaci ƙasusuwan ne suke karyewa a ciki ba a ji.

Tambaya: Mahaifiyata tana da shekara 71, ta faɗi sau biyu a bana, ɗaya a banɗaki. Tana cewa ba ta jin ƙasa sosai. Tana shan maganin suga na metformin da kuma pregabalin. Wane motsi ya dace da ita? Daga wani matashi a Kano.

Amsa: Allah ya yi maka albarka da kula da Hajiya. Tafin ƙafa ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda mutum yake tsaye, in saƙon ya yi rauni sai tangaɗi ya zo, musamman a duhu. Ana iya koya wa jiki daidaito, sau 2 ko 3 a mako, kana tsaye kusa da ita. Ta tashi daga kujera ta zauna a hankali sau 8 zuwa 10. Ta dafa bango ta ɗaga dunduniya ta sauke. Ta riƙe bayan kujera ta tsaya da ƙafa ɗaya na sakan 10, sannan ɗayar. In ta saba, ta yi tafiya gefen bango tana ajiye dunduniya a gaban yatsun ɗayar ƙafar.

Ka kuma kai magungunanta wurin likitanta. Pregabalin yana rage raɗaɗin jijiya amma yakan sa jiri da barci, ƙila adadin ya yi mata yawa. Metformin kuma in an daɗe ana sha yakan rage bitamin B12, ƙarancinsa kuwa shi ma yana lalata jijiya, ana gane shi da gwajin jini kuma yana da magani. Kada ta daina ko ɗaya da kanta. A duba idonta, a sa fitila a hanyar banɗaki, a kafa mata abin dafawa a ciki.

Tambaya: Likita, ni ɗan kasuwa ne, shekaruna 48, ina allurar insulin. Na fara zuwa gidan motsa jiki, amma in na miƙe tsaye jiri yake ɗibana, zuciyata tana bugawa da sauri ko ina zaune. In ci gaba? Daga wani ɗan Zango a Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa, ka dakata tukuna har a duba zuciyarka. Ciwon suga ba jijiyoyin ƙafa kaɗai yake taɓawa ba, yana kama waɗanda ke sarrafa bugun zuciya da hawan jini da gumi da narkewar abinci. Alamun da ka faɗa suna iya zama daga nan. Mai wannan matsala zuciyarsa na iya shiga hatsari ba tare da ciwon ƙirji ba, zafin rana yana saurin galabaitar da shi, kuma sugansa kan faɗi ƙasa ba tare da rawar jiki da gumin da suka saba yi masa gargaɗi ba. Ka nemi a auna hawan jininka kana kwance da kuma kana tsaye, a yi gwajin zuciya, a leƙa bayan idonka, domin in ciwon ya yi nisa a ido, ɗaga ƙarfe mai nauyi da yunƙuri na iya sa jini ya zuba a ciki.

In an ba ka izini, keken da ake tuƙawa a wuri ɗaya ya fi maka na'urar gudu. Ka fara a hankali, ka gama a hankali, kada ka tsaya cak ko ka miƙe zumbur. Ka zaɓi safiya ko yamma, ka sha ruwa. Tunda kana insulin, ka auna suga kafin ka fara da bayan ka gama, haka ma masu shan maganin suga na glibenclamide. In bai kai 5.6 ba, wato 100 a na'urorin da ke nuna manyan lambobi, ka ci wani abu tukuna. In ya sauka ƙasa da 3.9, wato 70, ko 0.70 yadda ake rubutawa a Nijar, ka tsaya ka sha ƙwayar suga 3 ko 4 ko rabin kwalbar lemo, ka sake aunawa bayan minti 15. Sugan na iya faɗuwa sa'o'i bayan motsa jikin, har cikin dare, don haka ka auna kafin ka kwanta.

Tambaya: Da azumi fa, likita? Daga wata mai karatu a Sakkwato.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki yi tattaki tsakanin La'asar da Magariba, lokacin ne suga ya fi faɗuwa kuma jiki ya bushe. Ki bari sai kamar sa'a 2 bayan buɗa baki. Sallar tarawihi ma motsi ce, ki lissafa da ita. Ki ga likitanki kafin watan ya kama don a daidaita magunguna, kuma duk ranar da sugan ya sauka ƙasa da 70 kina azumi, ki karya nan take ko da saura kaɗan a sha ruwa.