Su Wane ne Jami'an Ladabtar da Ɗalibai a Jami'o'in Amurka?

Tambaya: Ɗana yana karatu a wata jami'a a Amurka, kuma ofishin kula da ɗa'ar ɗalibai ya kira shi kan zargin karya dokar ɗakin kwana. Shin ma'aikatan wannan ofishi alƙalai ne ko lauyoyi, kuma wane horo suke samu?

Amsa: Malam, galibinsu ba alƙalai ba ne, ba kuma lauyoyi ba. Yawanci suna da digiri na biyu a fannin harkokin ɗalibai ko gudanar da manyan makarantu, kuma da yawansu sun fara aiki ne a matsayin masu kula da ɗakunan kwana, inda suka saba da sasanta rigingimun hayaniyar dare da shan barasa.

Wannan aiki ya samu gindin zama ne daga kotu. A 1960 kwalejin jihar Alabama ta kori wasu ɗalibai baƙaƙen fata saboda zaman dirshan da suka yi a Montgomery don nuna ƙin wariyar launin fata, ba tare da an ji ta bakinsu ba. A 1961 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar Dixon (sunan ɗaya daga cikin ɗaliban da aka kora), ta yanke cewa jami'ar gwamnati ba za ta kori ɗalibi ba sai ta sanar da shi zargin, ta kuma saurare shi. Tun daga nan jami'o'i suka buƙaci mutanen da suka san ƙa'idar, har aka kafa ƙungiyarsu a ƙarshen shekarun 1980 da jagorancin Donald Gehring, wadda yanzu ake kira ASCA, kuma tana gudanar da kwas na horo mai ɗauke da sunansa. Ana koya musu yadda ake yi wa shaidu tambayoyi, da auna hujja, da dokokin tarayya irin su FERPA ta 1974 mai kare bayanan ɗalibi. Wannan doka ce ma za ta iya hana su yi maka bayani sai ɗanka ya ba da izini a rubuce.

Su kansu suna ɗaukar kansu masu tarbiyya, shi ya sa hukuncinsu kan zama gargaɗi, ko halartar bita, kafin a kai ga dakatarwa. Ina ganin wannan manufa tana da kyau, amma akwai abin da ke damuna: babu lasisin dole a aikin, horon ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, kuma a ƙananan shari'o'i mutum ɗaya kan yi bincike ya kuma yanke hukunci. Kotun ƙolin Najeriya ta nuna haɗarin rashin adalci a irin wannan zama a 1986, lokacin da ta soke korar ɗaliban Jami'ar Maiduguri a shari'ar Garba.

Don haka ɗanka ya karanta kundin dokokin ɗalibai na jami'arsa kafin ranar zaman, ya nemi ganin rahoton da aka rubuta a kansa, ya tambaya ko an yarda ya zo da mai ba shi shawara, sannan ya lura da wa'adin ɗaukaka ƙara, domin yakan kasance 'yan kwanaki kaɗan.