Tana fizga idan na taka totur, baƙin mai kuma yana ɗiga: dole sai an sauke giyabos?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Mazda MX-5 ƙirar 1991 mai inji 1.6, ta ci kilomita 190,000 da 'yan kai. Wata biyu ke nan tana wahalar da ni. Idan ina giya ta huɗu ko ta biyar na taka totur, musamman a hawa, sai ta riƙa fizga kamar ana janyo ta ta baya, ba ta sakewa sai allurar inji ta wuce 3,500. A sulo kuwa lafiya lau take. Ban da wannan, duk inda ta kwana sai na tarar da ɗigon baƙin mai a ƙasa, daidai inda inji ya haɗu da giyabos, idan ta yi zafi kuma ina jin ƙaurin mai. Bakaniken da na kai wa ya ce sil ɗin bayan inji ne ya mutu, sai an sauke giyabos, fizgar kuma famfon fetur ne. Kafin in amince ina son jin ta bakinka.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka yi dabara da ka dakata. Kada ka bari a taɓa giyabos ɗin nan tukuna, kada kuma ka sayi famfo. Yadda ka zayyana alamomin, zuciyata ta fi karkata ga cewa ciwo ɗaya ne yake fito maka ta fuska biyu, kuma yana can saman inji inda hannunka zai kai ba tare da an ɗaga motar ba.

Ka fara da safe, inji na sanyi. Buɗe bonet, za ka ga wayoyin fulogi huɗu sun nutse cikin ramuka a tsakiyar murfin inji. Kama kowace ta wuyan robarta, ka ɗan murɗa, ka zaro. Kada ka ja ta jikin waya. Haska tocila cikin ramin. Ramin lafiyayye busasshe ne ƙayau, kana hango farin jikin fulogi tas. Idan ka ga mai ya kwanta a ƙasa yana ƙyalli, robar da ka zaro kuma ta jiƙe, ta kumbura, ta yi laushi, ko ka ga wani siririn baƙin layi kamar zanen fensir ya bi jikin fulogin, to ka kama bakin zaren.

Ga abin da ke faruwa. Gasket ɗin murfin inji roba ce, ita ce kuma take zagaye bakin ramukan fulogi. Shekaru da zafi suna busar da ita har ta koma kamar busasshen ice, idan ka lanƙwasa ta sai ta karye. Daga nan mai ya fara tsiyaya ciki da waje. Wanda ya fita waje shi ne yake sauka kan bututun hayaƙi mai zafi ya ba ka ƙaurin da kake ji. Wanda ya shiga rami kuwa sai ya jiƙa robar waya, ya cinye ta a hankali, ya tara datti, har wuta ta sami wata hanyar da za ta bi ta tsere zuwa jikin inji maimakon ta tsallaka bakin fulogi.

Me ya sa ba ta yi a sulo, sai a hawa? A sulo iskar da ke shiga silinda kaɗan ce, wuta ba ta shan wahalar tsallaka ɗan gibin nan na milimita 1.1. Da ka taka totur a babbar giya, inji yana juyawa a hankali amma silinda ta cika taf da iska, matsi ya hau, wutar da ake buƙata kafin tartsatsi ya tsallaka ta ƙaru ƙwarai. A nan ne raunanniyar waya take tona kanta. Wuta kullum hanya mafi sauƙi take bi. Shi ya sa fizgar wuta take da kaifi, kamar an yanke abu an mayar nan take. Ƙarancin fetur ba haka yake zuwa ba. Famfon da ya gaji ko filtar da ta toshe sun fi nuna kansu a sama, lokacin da inji ya fi shan mai: motar ta yi sanyin jiki, ta ƙi hawa, kana takawa tana ja da baya. Motarka kuwa da allura ta wuce 3,500 sai ta sake. Wannan ba halin famfo ba ne. Idan har ana zarginsa, a sa geji a auna ƙarfin turinsa kafin a cire shi.

Injin nan kwayil biyu gare shi, ɗaya yana ba silinda ta 1 da ta 4 wuta lokaci guda, ɗayan ta 2 da ta 3. Saboda haka idan za ka canza waya ka canza duka huɗun tare da fulogi, kuma kada ka taɓa tayar da inji da waya a zare tana lilo, domin wutar da ta rasa wurin zuwa tana iya ƙona kwayil. Kafin a kwance fulogi a tsane man da ke ramin da tsumma a bakin sukudireba, kada ya zube cikin silinda.

Idan fulogin ya fito ka dube shi da kyau. Mai a samansa, wajen farin jiki, daga gasket yake, aikin awa guda ne. Mai a bakinsa na ciki, baƙi mai danƙo, daga cikin inji yake, wannan wata magana ce da zan zo kanta.

Wajen ɗaura sabuwar gasket nan mutane suke ɓata aiki. A goge wurin tas, a ɗan ɗiga gam a kusurwoyin da murfin ya hau kan maƙallan kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawuloli, ba a shafe ko'ina ba. Notunan ƙanana ne, ɗaurinsu tsakanin 5 da 9 ne a ma'aunin Nm, a fara daga tsakiya a zagayo waje. Wanda ya danne su da ƙarfin tsiya don kada ta yi yoyo, shi ne yake matse robar har ta sake yoyon.

Yanzu ɗigon da kake gani a ƙasa. Mai ba ya hawa sama. Gangarowa yake yi, iskar tafiya kuma ta kora shi baya, don haka inda ya ɗiga ba shi ne inda ya fito ba. Duk yoyon da ya taso daga saman inji a ƙarshe mahaɗar inji da giyabos yake taruwa, shi ya sa ake yawan ɗora wa sil ɗin baya laifin da ba nasa ba. A wannan motar akwai wani abu da ya yi suna wajen wannan ruɗani. A bayan tof, wato kan inji, gab da bangon da ya raba inji da mazaunin direba, akwai na'urar da take gaya wa ƙwaƙwalwar mota inda kamshaf yake. Zoben roba guda ɗaya ne ya tare mai a wurin. Zura hannu ka shafa ƙarƙashinta. Idan yatsunka suka fito da ɗanyen mai, zoben ya mutu, man kuma kai tsaye yake bin bayan inji ya sauka inda ka ce. Na ga mota irin taka da aka sauke wa giyabos, aka sa sabon sil, bayan kwana uku mai ya dawo yana ɗiga a wuri ɗaya, ashe wannan zoben ne da bai fi faɗin bakin kofi ba. Abin ya daɗe yana yi mini ciwo, domin shafawar hannu ɗaya da ta hana duk wannan wahala.

Kafin a kwance na'urar a yi mata alama a inda take zaune, domin juyata ne yake saita lokacin tashin wuta. Bayan an mayar, a haɗa ramukan waya biyu masu suna TEN da GND a ɗan akwatin gwaji da ke cikin bonet, a haska fitilar tayimin, a tabbatar wuta tana tashi a digiri 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa, sulo kuma wajen 850.

Idan kana son tabbaci, gani ya kori ji. A wanke injin a bar shi ya bushe, a barbaɗa farar hoda a gefen murfi, da bayan tof, da gaban inji, da gindin filtar mai. A tayar na minti 15, sannan a bi da tocila da ɗan madubi. Sabon mai zai ja baƙin layi a kan farin, ka bi layin sama har inda ya fara. Idan sama ta bushe ƙayau amma mai yana fitowa daga cikin mahaɗar, to bakanikenka ya yi gaskiya. Ka shinshina shi ma: man giya yana da wari mai kaifi irin na farar wuta, baƙin mai ba shi da shi. Sil ɗin baya idan ya zubar sosai yana jiƙa kuloci, alamarsa kuma daban ce, allurar inji ta tashi amma gudun mota bai ƙaru ba. Ba ka ambaci haka ba.

Akwai ɗan bawul na numfashin inji da ke soke a murfi da tiyo a bakinsa. Zare shi ka girgiza, ya kamata ka ji yana kaɗawa. Idan ya toshe, hucin da ke cikin inji ya rasa mafita sai ya tura mai ta kowane sil, har sabuwar gasket ɗinka. A canza shi tare da ita.

To idan an gyara wuta fizga ba ta tafi ba fa? Sai a koma kan iska. Inji 1.6 yana auna iska da wata 'yar ƙofa da iskar take turawa a cikin akwati bayan filta. Duk iskar da ta shiga ta wata tsaga bayan wannan akwati, ƙwaƙwalwa ba ta san da ita ba, ba za ta ba ta fetur ba. Ka lanƙwasa robar bututun ka leƙa cikin ninkinta, tsagar takan ɓuya sai inji ya girgiza ta buɗe. Ina roƙonka abu ɗaya: idan za a zare soket ɗin akwatin, siririyar wayar da ta riƙe shi ake ɓallewa. Kusoshi biyun da ke gefensa ba a kwance su, wanda ya kwance ya ja ya tsinke haɗin ciki.

Shekarar motarka ta sa dole in ƙara wannan. MX-5 na farko, daga fitowarta a 1989 zuwa tsakiyar 1991, bakin karanshaf ɗinsu, wato babbar sandar da fistin ke juyawa, gajere ne, idan notin fulin da ke bakinsa ya yi sako-sako sai gurbin ɗan makullin da ke riƙe fulin ya cinye, tayimin ya zame baya, motar ta rasa ƙarfi a ƙasa. Tsaya a gefe inji na sulo ka kalli fulin ƙasa. Idan yana rawa, kashe motar, kada a ƙara tuƙa ta sai an duba. Fuli mai tsaga huɗu a fuskarsa na gajeren ne, mai takwas na wanda aka gyara ne. Idan kuma gaban injin ya jiƙe, sil ɗin kamshaf ko na karanshaf ne, ana canza su tare da bel ɗin tayimin, wanda wa'adinsa kusan kilomita 96,000 ne, mai kuma yana rage masa kwana.

Saura batun man da ke bakin fulogi na ciki. Shuɗin hayaƙi da safe wanda yake ɗaukewa bayan ɗan lokaci, robobin bawul ne. Wanda yake fita duk lokacin da ka taka, ringin fistin ne. A auna matsin silinda huɗun inji na da zafi, totur a buɗe, soket ɗin na'urar kamshaf a zare. Abin dubawa shi ne su yi kusa da juna. Wadda ta faɗi ƙasa a zuba mata cokali ɗaya na mai a sake aunawa: idan ta tashi ringi ne, idan ba ta motsa ba bawul ne ko gasket ɗin tof.

Kafin ka kai ga gyara, ka riƙa duba gejin mai kowace safiya, kada ka zuba maganin toshe yoyo, kuma idan ta fara fizga ka sauko giya maimakon ka ƙara dannawa, domin ɗanyen fetur da bai ƙone ba yana tafiya salansa ya ƙona matatar hayaƙi. Ka zaro wayoyin nan huɗu gobe da safe ka rubuto mini abin da ka gani a kowane rami.